Gawa a gaba, jama'a a baya: yadda finafinai ke ba da tarihin mawaƙan punk

Idan aka ce wa mai kallon finafinan Turawa ya ambaci mutum ɗaya da ke wakiltar kiɗan punk, mai yiwuwa sunan da zai fara zuwa bakinsa shi ne Sid Vicious, siririn saurayin nan na Landan mai tsayayyen gashi da kwaɗo rataye a wuya. Abin da ke damuna shi ne, a cikin duk waɗanda suka yi zamani a ƙungiyar Sex Pistols babu wanda gudummawarsa ga kiɗan ta kai tasa ƙaranci. Ya shigo ne a watan Fabrairun 1977, bayan an riga an tsara yawancin waƙoƙin, kuma bai iya kaɗa gitar bes da aka damƙa masa ba, har ta kai Steve Jones, mai gitar ƙungiyar, ne ya kaɗa ta a kusan dukkan waƙoƙin faifansu tilo da ya fito a watan Oktoban shekarar. Glen Matlock, wanda Sid ya gaji gurbinsa, yana da hannu a rubuta goma daga cikin waƙoƙi goma sha biyu na faifan. To amma Matlock ya rayu ya ci gaba da sana'arsa, Sid kuwa ya mutu yana da shekara 21 ana tuhumarsa da kisan kai, kuma shi ne masu fim suka zaɓa.

Ga wanda bai san wannan kiɗa ba, ya kamata a ɗan koma baya. A tsakiyar shekarun 1970 kiɗan rock ya riga ya zama sana'ar manya, inda ƙungiyoyi ke cika filayen wasa, waƙa guda ta ɗauki minti goma ko ashirin, kayan kiɗa kuma su ci kuɗin da ɗan talaka ba zai taɓa tarawa ba. A daidai lokacin, baitulmalin birnin New York ya kusa durƙushewa a 1975, a Birtaniya kuwa hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin ɗari a shekarar, marasa aikin yi suka wuce miliyan ɗaya, har gwamnati ta nemi rance a Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1976. A cikin wannan hali ne ƙungiyar Ramones ta fara wasa a wata mashaya mai suna CBGB a unguwar Bowery ta New York a watan Agustan 1974, da waƙoƙi masu sauri waɗanda da ƙyar suke wuce minti biyu. A Landan kuma Sex Pistols suka haɗu a 1975 a kewayen shagon tufafi na Malcolm McLaren da Vivienne Westwood da ke titin King's Road. Abin da ya yaɗu daga waɗannan wurare ya wuce salon kiɗa, domin matasa sun gano cewa ba sai sun jira izinin kowa ba. Wani akawun banki mai suna Mark Perry ya fara fitar da 'yar mujallarsa Sniffin' Glue a 1976, yana rubutawa da kansa yana yin fotokwafi. 'Yan Buzzcocks na Manchesta suka ranci kimanin fam 500 a wajen 'yan uwa da abokai, suka buga faifansu da kansu a watan Janairun 1977. A wasan da Sex Pistols suka yi a wani ƙaramin zaure a Manchesta ranar 4 ga Yunin 1976, mutane kusan arba'in ne kacal suka halarta, amma a cikinsu akwai waɗanda daga baya suka kafa ƙungiyoyin Joy Division da The Smiths.

Nan ne matsalar take. Fim na tarihin rayuwar mutum yana da tsarin da ya saba da shi: ana son gwarzo guda, a nuna ƙuruciyarsa, a nuna baiwar da ta bambanta shi da sauran mutane, a kai shi ƙololuwa, sannan a sauko da shi. Punk kuwa ya taso ne don ya ƙaryata maganar cewa sai mai baiwa ta musamman zai hau dandamali, kuma aikin gayya ne, wanda ya ƙunshi mai ɗinki da mai shagon faifai da mai rubuta mujalla da mai ba da aron ɗaki, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan mai fim ya zo neman gwarzo a cikin irin wannan taro, wanda ya fi sauƙin ɗauka shi ne wanda ya mutu da ƙuruciya, saboda mutuwa tana ba labari ƙarshen da ba sai an sha wahalar ƙirƙira shi ba.

Fim ɗin Sid and Nancy, wanda Alex Cox ya ba da umarni a 1986, shi ne ya kafa wannan hanya, kuma ba zan hana shi yabon da ya cancanta ba. Gary Oldman ya shiga rigar Sid har ya zama da wuya a tuna cewa wasa yake yi, Chloe Webb ma ta yi ƙoƙari matuƙa a matsayin Nancy Spungen, budurwar Sid. Rabin fim ɗin na biyu yana nuna jarabar hiroyin yadda take: mutum biyu a ɗakin otal cikin ƙazanta, suna kallon talabijin ba sa fahimtar abin da ke ciki, har wuta ta kama a ɗakin su kasa motsawa. Na yarda cewa niyyar Cox ita ce ya tsoratar da mai kallo. Sai dai abin da mutane suka riƙe daga fim ɗin daban ne. Sun riƙe wurin nan da masoyan biyu suka jingina da wani babban kwandon shara a lungu suna sumbatar juna, shara na saukowa daga sama a hankali, haske na faɗowa ta bayansu, hoton da Roger Deakins ya ɗauka da gwanintar da ta sa aka mayar da shi fosta ana liƙawa a bango. Sun kuma riƙe ƙarshen, inda wata tasi ta tsaya, Nancy tana zaune a baya cikin fararen kaya, Sid ya shiga suka tafi tare.

Wannan ƙarshe ne na kasa amincewa da shi, domin abin da ya faru a zahiri ba shi da kyan gani ko kaɗan. Ranar 12 ga Oktoban 1978 aka tsinci gawar Nancy Spungen a banɗakin ɗaki mai lamba 100 na otal ɗin Chelsea a New York, da sukar wuƙa a ciki, jini ya ƙare mata, tana da shekara 20. An kama Sid aka tuhume shi, aka ba da belinsa, ya raunata wani mutum da kwalba a wani gidan rawa aka mayar da shi kurkukun Rikers, ya sake fitowa, sannan ya mutu ranar 2 ga Fabrairun 1979 sakamakon hiroyin da ta yi masa yawa. Ba a taɓa yin shari'ar ba, saboda haka babu kotun da ta tabbatar da abin da ya auku a ɗakin. Fim ɗin ya cike wannan giɓi da nasa hasashen, ya nuna sukar kamar tsautsayi ne a tsakiyar rigima, bayan Nancy ta daɗe tana roƙon su mutu tare. Da wannan zaɓi, yarinyar da aka kashe ta koma kamar ita ta jawo wa kanta, ita ce mai ihu da naci da ta lalata saurayi mai sauƙin kai. Alhali mahaifiyarta, Deborah Spungen, ta wallafa littafi tun 1983 inda ta bayyana yadda 'yarta ta yi fama da taɓin hankali tun tana ƙarama, da yadda iyalin suka yi ta yawo da ita wajen likitoci. Sid ma ba ɗan rago ba ne kafin ya haɗu da ita, don ya taɓa dukan ɗan jarida Nick Kent da sarƙar keke a 1976, kuma ya tashi a hannun uwar da ita kanta take ta'ammali da hiroyin. Yara biyu ne marasa lafiya da manya suka kewaye su suna cin riba, kuma duk fim ɗin da ya sallame su cikin tasi kamar ango da amarya ya ɗauke wa waɗannan manya nauyin da ke kansu.

John Lydon, mawaƙin ƙungiyar da aka fi sani da Johnny Rotten, ya tsani fim ɗin, kuma a littafin tarihin rayuwarsa na 1994 ya zarge shi da ƙawata shan hiroyin da kuma rashin sanin yadda rayuwar 'ya'yan talakawan Landan take. Ko da mutum bai yarda da Lydon a komai ba, yana da wuya a musa masa wannan.

Tsarin ya ci gaba bayan haka. What We Do Is Secret na 2007 ya ɗauki Darby Crash na ƙungiyar Germs ta Los Angeles, wanda ya kashe kansa da hiroyin ranar 7 ga Disambar 1980 yana da shekara 22, ya bi da shi ta hanya ɗaya. A shekarar ce kuma Anton Corbijn ya fitar da Control, labarin Ian Curtis na Joy Division, ƙungiyar da ta tsiro daga punk ta kuma wuce shi. Wannan fim ya fi na baya gaskiya nesa ba kusa ba, kuma ina ganin dalilin shi ne an gina shi a kan littafin da matar Curtis, Deborah, ta rubuta a 1995, wato an kalli mawaƙin ta idon wadda aka bari a gida da jaririya. Muna ganin Curtis yana tafiya aiki a ofishin samar wa mutane aikin yi a garin Macclesfield, muna ganin wata yarinya ta faɗi da farfaɗiya a gaban teburinsa kafin shi ma a gano yana da cutar, muna ganin tarin magungunan da likita ya rubuta masa da yadda suke kashe masa jiki. 'Yan wasan ne suka koyi kayan kiɗan suka kaɗa waƙoƙin da hannunsu, kuma ana jin hakan a sautin. Duk da haka, Corbijn mai ɗaukar hoto ne da ya taɓa ɗaukar Joy Division tun Curtis na raye, ya kuma yi fim ɗin cikin launin fari da baƙi mai tsananin kyau, ta yadda rasuwar Curtis ranar 18 ga Mayun 1980, yana da shekara 23, ta fito kamar abin da aka rubuta tun farko. Ni kuwa abin da nake gani shi ne saurayin da ke buƙatar hutu da magani, aka ci gaba da hawa da shi dandamali yana faɗuwa.

Akwai kuma tambayar wanda ke da ikon ba da labarin. Tarihin Sex Pistols kaɗai an ba da shi sau da dama, kowane da mai shi. The Great Rock 'n' Roll Swindle na 1980 ya ba da shi ta bakin manajansu McLaren, wanda ya nuna cewa shi ya ƙirƙiri komai don ya damfari kamfanonin faifai, yaran kuma 'yan amshin shata ne kawai. Bayan shekara ashirin, darakta Julien Temple, wanda shi ya yi na farkon, ya dawo da The Filth and the Fury a 2000 don ya ba mawaƙan dama su mayar da martani, ya ɗauke su cikin inuwa ba a ganin fuskokinsu, kuma a nan ne aka ji muryar Lydon tana rawa yana kukan abokinsa Sid. A 2022 Danny Boyle ya yi Pistol, shiri mai kashi shida, bisa littafin Steve Jones. Lydon ya ƙi amincewa a yi amfani da waƙoƙin, Jones da mai ganga Paul Cook suka kai shi Babbar Kotun Landan, kotu kuma ta ba su gaskiya a watan Agustan 2021 bisa wata yarjejeniya ta 1998 da ta ce ra'ayin masu rinjaye ake bi. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a nan masu waƙar da yawa ne, kuma ba su yarda da juna ba. Ban ga laifin Jones don ya ba da nasa labarin ba, musamman da yake ya fito da abubuwan da ba a saba ji ba, kamar cin zarafin da mijin mahaifiyarsa ya yi masa yana yaro da kuma girman da ya yi bai iya karatu ba. Shirin ya kuma nuna ranar Kirsimetin 1977 a garin Huddersfield, lokacin da ƙungiyar da jaridu suka mayar abin tsoro ta yi wa 'ya'yan 'yan kwana-kwana masu yajin aiki wasa kyauta, yaran suka shafe Lydon da kek. Wannan rana tana cikin tarihin ƙungiyar daidai da ranar 1 ga Disambar 1976 da suka yi ashar a shirin talabijin na Bill Grundy, amma an fi shekara arba'in ana maimaita ɗaya ana mantawa da ɗayar. Abin da ya rage wa shirin armashi a wurina shi ne tsabtarsa, don kuɗin babban kamfani sun fito fili a kowane hoto, kuma tashar FX da ta shirya shi mallakar Disney ce.

CBGB na 2013, wanda Alan Rickman ya fito a matsayin mai mashayar, Hilly Kristal, ya yi daidai da ya zaɓi wuri maimakon tauraro, amma ya ɓata damarsa da jera 'yan wasa cikin gashin aro suna motsa baki a kan sautin faifan asali. 24 Hour Party People na Michael Winterbottom, na 2002, a kan harkar kiɗa a Manchesta, ya fi shi dabara, don jaruminsa yakan juyo ya gaya wa mai kallo cewa wani abin da aka nuna ƙila bai faru haka ba.

Fim ɗin da nake ganin ya fahimci al'amarin shi ne Good Vibrations, wanda Lisa Barros D'Sa da Glenn Leyburn suka yi, aka sake shi a sinima a 2013. Jaruminsa, Terri Hooley, ba mawaƙi ba ne, mai shagon faifai ne mai ido ɗaya a birnin Belfast na Ireland ta Arewa, a tsakiyar rikicin siyasa da ya raba Katolika da Furotesta, wanda ya ci rayuka fiye da 3,500. Ya buɗe shagonsa a titin Great Victoria, inda otal ɗin Europa yake, wanda aka yi wa laƙabi da otal ɗin da ya fi shan bama-bamai a Turai. Tun bayan da 'yan bindiga suka tare motar ƙungiyar Miami Showband suka kashe mawaƙa uku ranar 31 ga Yulin 1975, ƙungiyoyin waje suka ƙaurace wa yankin, tsakiyar birnin kuma yakan mutu da dare. A irin wannan wuri, taruwar matasan Katolika da na Furotesta a ɗaki ɗaya don su yi tsalle tare ba ƙaramin abu ba ne, kuma fim ɗin bai yi dogon jawabi a kai ba. Ya nuna sojoji sun tare motar mawaƙan da dare, suna mamakin jin cewa mabiya ɗariƙun biyu ne a ciki, Hooley kuma ya ce bai taɓa tunanin tambayar su ba. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da Hooley ya sa abin sauraro a kunne a ɗakin ɗaukar sauti don ya ji waƙar Teenage Kicks ta The Undertones, 'yan garin Derry, a karon farko. Mai kallo ba ya jin komai, fuskar Richard Dormer, wanda ya fito a matsayin Hooley, kawai yake gani tana sauyawa, sai daga baya aka saki waƙar lokacin da mai gabatar da shiri John Peel ya sa ta sau biyu a jere a rediyon BBC, abin da ya faru da gaske a 1978. Fim ɗin bai wanke Hooley ba: ya nuna shi mashayi ne, bai iya riƙe kuɗi ba, ya yi sakaci da matarsa da 'yarsa, har babban wasan da ya shirya a zauren Ulster Hall don ya biya bashi ya cika maƙil amma bai kawo riba ba saboda yawan waɗanda ya shigar kyauta. Babu wanda ya mutu don labarin ya samu ƙarshe, kuma duk da haka mai kallo yana fita ya san dalilin da ya sa mutane suka ba wannan kiɗa zuciyarsu.

Saura waɗanda har yanzu ba a ga sun isa a yi musu fim mai jarumai ba. Mata sun yi yawa a punk fiye da kowane salon rock da ya gabace shi, daga The Slits zuwa Siouxsie Sioux zuwa Patti Smith, amma babban fim da ya sa mata a tsakiya shi ne The Runaways na 2010, a kan Joan Jett da Cherie Currie na ƙungiyar mata mai wannan suna, wanda shi ma rabinsa labarin ƙwaya ne. Baƙaƙen fata kuwa kusan an share su. Don Letts, ɗan asalin Jamaika da ke sa faifan reggae a gidan rawa na Roxy a 1977, yana cikin waɗanda suka cusa wa 'yan punk na Landan son wannan kiɗa, kuma tasirinsa a bayyane yake a waƙoƙin ƙungiyar The Clash. Bad Brains na birnin Washington suna cikin waɗanda suka kafa salon da ya fi sauri da zafi a Amurka. Sai Poly Styrene, wadda mahaifinta ɗan Somaliya ne, ta tashi a unguwar Brixton, ta ga Sex Pistols a garin Hastings ranar da ta cika shekara 19, ta kafa X-Ray Spex, ta hau dandamali da ƙarfen gyaran haƙora a bakinta tana waƙa a kan yadda talla da kayan roba ke cinye rayuwar mutane. Ta yi fama da rashin lafiyar ƙwaƙwalwa, ta rasu da sankarar mama a 2011 tana da shekara 53, kuma a 2021 aka samu fim na gaskiya, wato ba na wasan kwaikwayo ba, a kanta, wanda 'yarta Celeste Bell ta yi tare da Paul Sng.

Wannan giɓi yana da nauyi saboda punk bai tsira daga wariyar launin fata ba. Sid Vicious ya yi yawo da riga mai tambarin 'yan Nazi, jam'iyyar National Front mai ƙyamar baƙi kuma ta yi zawarcin waɗannan matasa, wasunsu suka bi ta. Wasu kuma suka ja daga, suka shiga gangamin yaƙi da wariyar launin fata na Rock Against Racism da aka kafa a 1976 bayan mawaƙi Eric Clapton ya yi kalaman ƙyamar baƙi a wani wasa a Birmingham. Ranar 30 ga Afrilun 1978 dubban dubatar mutane suka yi tattaki daga dandalin Trafalgar zuwa filin Victoria Park a gabashin Landan, inda X-Ray Spex da The Clash da ƙungiyar reggae ta Steel Pulse suka yi wasa a dandamali ɗaya. Kwana huɗu bayan haka, ranar 4 ga Mayu, wasu matasa suka daɓa wa Altab Ali, wani ma'aikacin masana'antar ɗinki ɗan asalin Bangladesh, wuƙa har lahira a unguwar Whitechapel, ba nisa da filin. Rubika Shah ta tattara tarihin wannan gangami a fim ɗinta na gaskiya White Riot a 2019, ta hanyar tsofaffin hotuna da hira da waɗanda suka shirya shi, kuma shi nake ba da shawarar a haɗa da Good Vibrations a kalla kafin a kai ga labarin ɗaki mai lamba 100.